Ma'azu da Makullin Magazar Iri

Bana shekara talatin ke nan da muka kai Ma'azu makwancinsa a Tanut. Da ba don 'yarsa Habsu ta kira ni a salula ta tuna mini ba, da sai in rantse ba a wuce ashirin ba, don tsufa ya fara cinye mini lissafi. Ta ce, "Baba, kai da kake rubutu a jarida kan kowa da komai, har kan tsadar albasa, ba za ka ce komai kan ɗan'uwanka ba?" Na ce mata ai ubanki bai kai in ɓata masa tawada ba. Ta yi dariya, don ta san tsakaninmu. Ma'azu ɗan kawuna ne, taubashina, gida ɗaya muka tashi a Gangara, kuma tun muna yawo ba wando muke gardamar wane ne bawan wani, har ƙasa ta rufe masa ido ba mu raba gardamar ba. Saboda haka mai karatu ya yi haƙuri in ya ji ina tsokanar mamaci. Hakkina ne, kuma ban iya wata hanyar nuna ina kewarsa ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Tare aka sa mu lakwal, makarantar boko. Da muka gama, ni na bi hanyar koyarwa na zama mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal a nan, shi kuwa ya tafi makarantar aikin gona ya fito malamin gona. Wannan a farkon shekarun saba'in ne. Kayan aikinsa ba su da yawa: ɗan babur mobilet mai tari kamar tsohon da ya sha taba, da gwangwanin awon ruwan sama da ake kafawa kan sanda a fili, da makullin magazar da gwamnati ke ajiye iri a ƙauye. Kada wani ya ɗauka jahili ne mai aiki da camfi. Faransancinsa ya fi nawa, ko da yake ban taɓa yarda da haka a gabansa ba, kuma duk safiyar da aka yi ruwa, kafin ya karya sai ya je ya duba gwangwanin nan ya rubuta. Sai dai yana da wani hali da ba a makaranta ya samo ba. Zai tsaya bakin gona, ya dubi gabas, ya ce, "Jikina ya ba ni," ko kuwa, "Jikina bai ba ni ba." In ka tambaye shi dalili sai ya ɗaga kafaɗa. Sau da yawa kuma abin yakan zo yadda ya faɗa, har ya fara jin kansa.

To jikin nan nasa ya taɓa kayar da shi, kayarwa mai ciwo. A wurin aikinsa na farko, wani ƙauye wajen Falanko, an yi ruwa ɗan kaɗan, bai kai ma'aunin da sarwisinsu, wato ma'aikatar gona, ya yanke na shuka ba. Ma'azu, da zafin ƙuruciya, ya bi gida gida yana cewa damina ta zauna, jikinsa ya ba shi, kowa ya fid da gyaɗarsa ya shuka. Mutane suka ga ɗan gwamnati ne mai karatu, suka bi shi. Ruwa ya ɗauke, gyaɗa ta ƙone a rami, gidaje da dama suka wayi gari ba irin gyaɗa ko na magani. Daga nan aka laƙa masa suna Malam Jikina, sunan kuma ya riƙa rigansa isa duk inda aka tura shi. Ni kaina na ci kasuwata da sunan nan son raina, sai ranar da na ga idonsa ya kawo ruwa, na bari. Ya yi shekaru bai sake furta kalmar ba. Abin da gwangwani ya ce, shi yake faɗa, ba ragi ba ƙari.

Farin tamanin da huɗu ya same mu gari ɗaya, wani ƙauye ta wajen Belbeji, ni ina riƙe da lakwal, shi yana riƙe da aikin gona. Ba zan kira sunan garin ba, don jikokin mutanen da zan ambata suna nan da ransu. Wanda ya ga shekarar nan a ƙasarmu ta Damargu ba ya bukatar in ba shi labari, wanda bai gani ba kuwa ban san yadda zan sa ya gane ba. An share rumbuna har aka kankare ƙasansu. Mata suna jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita a samu abin sa wa yara a baki. Buzayen da muka sani da garken raƙuma suka shigo gari da igiya kawai a hannu. Majiya ƙarfi suka yi kudu, wasu Damagaram, wasu har Kano, ajina ya koma rabi. Abin da ya fi komai muni shi ne mutane sun ci irinsu. Manomin Damargu yakan kwana da yunwa bai taɓa damin iri ba, amma a shekarar nan aka sauke shi aka daka, don ba uban da zai kalli ɗansa na kukan yunwa ga hatsi rataye a ɗaka.

Da bazara ta yi nisa sai ga kamyo ɗaya daga Tanut ɗauke da iri. Ankutes ne, hatsinmu na nan mai gajeren kai mai kauri, wanda ba ya jan lokaci kafin ya nuna, an bi an tattaro shi daga inda ya rage. Direban ya faɗa wa Ma'azu a gabana cewa kada a sa ran wata mota, wannan ita ce ta farko, ita ce ta ƙarshe. Umurnin da ya zo tare da buhunan a fili yake: kada a raba tun yanzu, don mai yunwa cinyewa zai yi, a kulle a magaza, ranar da gwangwani ya nuna ruwa ya kai ma'aunin shuka, a buɗe a raba wa kowane gida. Umurni ne mai hankali, har yau ban ga laifinsa ba. Haka garin ya zauna yana kwana yana tashi da ciki wayam, ga abinci bayan ƙofar kwano, makulli kuma a aljihun baƙo. In irin nan ya lalace, babu shuka, in kuwa babu shuka, garin ya tashi ke nan, don waɗanda suka rage ma bin sauran za su yi.

Ruwan farko ya zo da wuri, wata rana bayan la'asar. Hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, aka zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na ga dattawa masu furfura tsaye a tsakar fili ruwa na dukansu sun ƙi shiga ɗaka, mata na ta rangaɗa guɗa. Ni ma da nake taƙama da boko ban san sanda na cire takalmi ba.

Sai wanda ya san al'adarmu zai gane nauyin abin da ya faru washegari. A Damargu, safiyar da ta biyo ruwan shuka ba ta da na biyu a shekara. Ba a ciniki, ba a shari'a, ko lakwal ba a buɗewa, don ba wanda zai zo. Maza suna gaba da sungumi suna sara rami, mata da yara na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige, ana tsere da rana kafin ta shanye danshi. Mutumin da ya makara a ranar nan, shekara guda ana yi masa gori. To da gari ya waye, duk wanda ke iya tsayuwa a garin yana bakin magaza, maza da sungumi a kafaɗa, mata da ƙore. Ma'azu ya dawo daga wajen gwangwaninsa, ya ratso mutane, ya tsaya ya ba ƙofar baya. Hannunsa na cikin aljihu, bai fid da shi ba.

Maigari dattijo ne mai sanyin magana, wanda bai gudu ba duk tsananin shekarar. Ya ce, "Malam Ma'azu, gwangwanin naka bai cika ba ne?"

"Ya kai, ranka ya daɗe. Har ya wuce."

"To me muke jira?"

Ma'azu ya dubi gabas. Sannan ya ce, a hankali, kalmar da ya yi shekaru bai furta ba: "Jikina bai ba ni ba. Wannan ruwan ba na zama ba ne. Ina roƙon a dakata."

Sai wata murya daga baya ta ce, "Jikin nan ne fa ya ƙone gyaɗar Falanko!" Nan take hayaniya ta kaure. Ƙofar kwano ce, dukan sungumi biyu ya ishe ta, kuma na ga waɗanda suka fara sauke nasu daga kafaɗa.

Na ja shi bayan magazar, raina a ɓace. Na ce, "Kai bawa, ka haukace ne? Umurni ya ce ka buɗe, gwangwani ya ce ka buɗe, gari ya ce ka buɗe. In ka buɗe aka shuka ya ƙone, ba mai ganin laifinka, hukuncin Allah ne. In ka hana, danshin nan ya wuce, ya zamana ita ce daminar, a wuyanka take har kabari." Har yau ina ganin maganata da hujja, kuma duk mai son ɗan'uwansa abin da zai faɗa masa ke nan.

Ya ce, "Na sani, Mushe. Shi ya sa nake tsoron buɗewar, ta yi mini sauƙi da yawa. Gwangwanin nan ni yake karewa, ba su ba."

Na ce to me ka gani? Ya ce bai san yadda zai faɗa ba. Ya fita tun da sassafe ya zaga bayan gari, ya ji iskar ta yi sanyi ta bushe, ba ta da nauyin nan da ke sa riga ta manne wa mutum. Sama ta wanke tas kamar an gama da ita. Ya ce wataƙila ba wannan ba ne ma, wataƙila wani abu ne daban da bai san sunansa ba, amma tun da ya tashi gabansa ke faɗuwa duk sanda ya taɓa makullin. Na dube shi. Mutumin ya fi kowa sanin jikinsa yakan yi masa ƙarya, ya kuma tsaya a kan maganarsa.

Maigari ne ya raba rigimar, Allah ya saka masa. Ya sa aka shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofar ya zauna, ya ce wanda zai fasa sai ya fara da shi. Sannan ya ce wa Ma'azu shi bai yarda da maganarsa ba, shekarunsa na noma sun fi shekarun Ma'azu na duniya, kuma shi nasa jikin cewa ya yi a shuka. Amma tunda an samu jiki biyu sun saɓa, a ba kowane gida kashi ɗaya cikin uku na rabonsa ya je ya shuka yau, sauran ya zauna a kulle har ruwa na biyu. Ma'azu ya yarda. Aka auna da tiya ana harararsa, mutane suka fice gona rana ta riga ta ɗaga.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi ɗaci da na ga ɗan Adam ya sha a cikin jama'a. Shuka ta fito, kuma wallahi ta yi kyau, layi layi kore shar a kan jigawa. Duk wanda ya dubi ɗan abin da ya shuka sai ya dubi sauran gonarsa da ke kwance ba komai, ya tsine wa Malam Jikina. In Ma'azu ya yi sallama sai a ƙi amsawa. A masallaci sai ka ga gurbi hagu da damarsa. Matarsa, uwar Habsu, ta daina zuwa rijiya sai mutane sun watse. Gidana kaɗai yake shigowa, ni ma in ya zo ba na rasa abin da zan soka masa, don a lokacin ban ga alamar yana da gaskiya ba.

Labari ya kai Tanut, shef ɗinsu, shugaban malaman gona, ya zo da motar sarwisi. Mutumin Damagaram ne, mai kirki, ya san aikinsa, kuma yana son Ma'azu. A ɗakina suka zauna don nan ne ke da kujeru. Ya ce, "Ma'azu, ba ni dalili ɗaya da zan iya rubutawa, in kare ka." Ma'azu ya ce ba shi da shi. Shef ya ce, "To ka ji nawa. In na bar ka yau, gobe wani zai kulle iri ya karkatar da shi kasuwa, in an tambaye shi ya ce jikinsa ne bai ba shi ba. Da me zan bambanta ku?" Tunda ƙasa ta riga ta bushe, shef ya ce a bar sauran irin har ruwa na gaba, amma ranar a buɗe ko jiki ya so ko bai so ba, rapor kuma, wato rahoto, dole ya hau sama.

Sai sama ta yi shiru. Mako ya wuce, wani ya bi shi, ba hadari ko na tafin hannu. Iska mai zafi ta taso tana kwasar rairayi tana dukan 'yan tsiron nan, suka nannaɗe, suka yi ja, suka kwanta. Duk abin da aka shuka a jigawa ya tafi. Mutane suka fara amsa sallamarsa, amma ba wanda ya yi murna, shi ma bai yi ba, don yanzu wani tsoron ne ya shigo. In ruwan bai dawo ba fa? Aka fita roƙon ruwa bayan gari. Wasu suka fara cewa a ba su irin su ci su samu ƙarfin tafiya kudu, kuma ba za ka ce ba su da hujja ba. Ma'azu ya rame ya zama kamar kara. Wata rana da hantsi ya same ni ina gyaran allo ya ce, "Mushe, in ba a yi ruwa ba, abin da na yi kawai shi ne na hana mayunwata abinci." Ban tsokane shi ba ranar. Tsoro ya kama ni, nasa da na garin duka.

Ruwan ya dawo a makare, har wasu sun fara ɗaure kaya. Ba shi da ban tsoro kamar na farko, zuba ya yi a natse, ya kwana, ya bar gari da zufa da lumshi. Da mutane suka iso magaza da safe sun tarar da ƙofa a buɗe, Ma'azu na zaune kan buhu da tiya a hannu. Sai da na tambaya daga baya na ji cewa duk da haka ya fara zuwa ya duba gwangwaninsa, don shi ba ya barin hali. Aka shuka kashi biyun da suka rage. Ruwa ya biyo, ya sake biyowa, ankutes ya yi abin da aka san shi da shi. Ba zan ce an yi kaka ta a zo a gani ba, amma an rufe ƙasan rumbu, an rataye damin iri a kowane ɗaki, kuma da rani ya yi waɗanda suka tafi kudu suka fara dawowa ɗaya ɗaya, ajina ya sake cika da hayaniya.

Kada in gyara labarin ya fi yadda yake. Gonar Maigari a kwari take, inda danshi ke daɗewa, kuma shukarsa ta farko ba ta mutu ba, ita ce ma ta ba da kawunan da suka fi na kowa a shekarar. Har ya rasu yana cewa da an bi tasa an zuba irin duka a kwari tun ruwan farko, da an fi haka samu. Ma'azu bai taɓa yi masa musu ba, yakan ce mai yiwuwa ne. Rapor kuma ya yi aikinsa: an rubuta ya saɓa umurni, aka ɗauke shi aka kai arewacin Tanut, inda awaki suka fi gonaki yawa, bai kuma sake samun ƙarin girma ba har ya bar duniya. In na ce bai ji zafi ba na yi masa ƙarya. Ya ji, kuma kunnena ne ya sha mitar.

Nakan zauna in yi tunanin me zai ce da ya ga yau. Habsu ta gaji aikinsa, ta kuma wuce shi karatu nesa ba kusa ba. A salularta tana ganin hadari tun yana wata ƙasa, ana aiko wa manoma saƙo da Hausa cewa ruwa na tafe ko zai ɗauke. Na san taubashina, da ya samu wannan abin da ko barci ba zai bar shi ya yi ba, da ya ishi yarinyar nan da tambaya. Ni ba na cikin tsofaffin da ke cewa komai na da ya fi. Mun binne mutane da yawa saboda aikin kirdado, gyaɗar Falanko ma ai kirdado ne ya ƙone ta. Duk na'urar da za ta rage wa talaka asara, ina yi mata maraba da hannu biyu.

Abin da ke damuna daban ne. Kwanan baya na je gidan likita a Damagaram, wani yaron likita mai ladabi ya duba ni, ko in ce ya duba takarduna, don fuskata sau ɗaya ya kalla. Na ce, "Ɗana, kai a ganinka me ke damuna?" Ya yi murmushi ya ce mu jira sakamakon awo. Na ga a idonsa yana da abin da yake zato, ya haɗiye. Ban ga laifinsa ba. An gina aikin yau ta yadda wanda ya bi na'ura ya kuskure ba a tuhumarsa, wanda kuwa ya bi abin da ransa ya ba shi, ko ya dace, sai ya yi bayani a buro gaban shugabanninsa. Yaro mai hankali zai koyi yin shiru, in ya daɗe yana shiru kuma sai ya daina jin abin gaba ɗaya. A da ma haka ne, ga Ma'azu nan shaida, sai dai a da gwangwani ɗaya ne, yanzu kuwa kowane aiki da nasa gwangwanayen, har koyarwa da na bari.

Na daɗe ina juya abin nan da yake kira jiki. Ba iskoki ba ne, ba duba ba ne. Ina jin duk safiyar da ya taɓa tsayawa bakin gona ce, tun yana bin kawu da ƙwaryar iri a Gangara, ta taru a cikinsa ta rasa bakin magana. Kuma ina jin kuskuren Falanko na ciki, don Ma'azun da bai taɓa ƙona gyaɗar mutane ba, da ihu zai hana a buɗe ƙofar, ba kuma zai yarda da kashi ɗaya cikin ukun Maigari ba. Irin wannan sani ba a aiko shi a saƙo, sai mutum ya taka ƙasa shekara da shekaru, a kuma bar masa wurin da zai yi kuskure bai hallaka kowa ba.

Na tambayi Habsu ko ita ma jikinta kan ba ta. Ta waiga kamar mai tsoron a ji, ta ce yakan ba ta mana. Ta ce dabarar da ta samo ita ce, takan karanta wa manoma abin da salula ta ce tsaf ba ta rage komai ba, in ta gama, in ranta bai kwanta ba, sai ta ƙara da cewa, "Amma da gonata ce, da na ɗan jira." Ta ce abokan aikinta matasa da yawa haka suke yi, kowa da yadda yake faɗin tasa. Wallahi na ji daɗin wannan magana har cikin raina. Ashe abin bai mutu ba, murya kawai ya rage.

Me ya rage na Ma'azu? Ba titi da sunansa, hotonsa ɗaya ne kuma ya dushe. Na ɗauka abin da ya rage ke nan, sai farkon daminar bara da Habsu za ta je aiki wajen Belbeji na ce ta ɗauke ni in ga garin nan kafin in mutu. Mun isa washegarin ruwan farko, gari ya watse gona. Magazar ta rushe, Maigari da duk sa'o'insa sun tafi, ba wanda ya gane ni. Muka shiga wani gida neman ruwan sha, muka tarar da wata mata da ba ta wuce shekara talatin ba tana auna wa mijinta iri, shi yana tsaye da sungumi yana ta azalzalarta. Ta auna ta ba shi, sauran kuma, wanda ya fi yawa, ta juye a tulu ta rufe ta ɗora dutse. Mijin ya ce ta ƙaro, ai salula ta ce ruwa ya zauna. Ta ce, "Ko me ta ce, na Ma'azu ba ya fita sai ruwa na biyu." Ya yi tsaki ya fice, da gani ba yau suka fara ba.

Na ajiye kwanon ruwan. Na ce, "'Yata, wane ne Ma'azu?"

Ta ce, "Wallahi Baba ban sani ba. Haka na tarar uwar mijina na faɗa, haka kowa ke faɗa a garin nan. Ina jin ba mutum ba ne, sunan irin da ake ajiyewa ne."

Habsu ta juya fuskarta wajen bango. Na ce wa matar mutum ne, malamin gona ne da ya zauna garin nan tun ba a haife ta ba, kuma ga 'yarsa nan zaune kan tabarmarta. Ta saki baki tana kallon Habsu, ta yi salati, ta ce ashe yau masu kaya ne suka zo gidanta. Habsu ta share ido ta ce to tunda na ubanta ne, a ɗan ɗebo mata ko cikin tafin hannu ne ta tafi da shi gida.

Matar ta dubi tulun, ta dubi Habsu, ta ɗora hannu kan dutsen. Ta ce, "Ki yi haƙuri, Yaya. Ki dawo bayan ruwa na biyu in cika miki tiya. Yanzu kam ko ke ba zan buɗe wa ba."